Yadda za ka shirya zuwa kallon ruwan Gurara daga Abuja

Da farko ka zaɓi lokaci, don Gurara fuska biyu gare shi. Da damina, musamman Agusta da Satumba, ruwan kan zubo daga kan dutse mai tsayin kusan mita 30, jajir da laka, rugugin sa ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Daga Janairu zuwa Maris kuwa ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito fili, ana iya gangarawa a zauna bakin kogi. In da yara za ka, ni dai rani zan ce maka.

Na biyu, hanya. Wurin a Jihar Neja yake: ka bi ta Suleja, ka hau titin Minna. Ana gobe tafiya ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, ku kuma yi sammako.

Sai guzuri: ruwan sha, abinci, tabarma, buta, da kuɗi a hannu na shiga, don sabis kan ɗauke, tiransifa ta ƙi tafiya. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, ban da silifas. Duwatsun nan gansakuka ta lulluɓe su, santsi kamar an zuba musu miyar kuɓewa.

Da kun isa, ka nemi ɗan gari ya shige muku gaba. Kowa ya riƙe hannun ɗansa, kada wanda ya faɗa ruwa ko da ya gan shi kwance luf.

Ku sallaci azahar a can, ku tattara ledojinku, ku kama hanya tun la'asar ba ta yi sanyi ba.