Yadda iyaye a Abuja za su bincika abin da ake koya wa yara ƙanana game da jinsi

Duk lokacin da wani bidiyo ya bazu a WhatsApp ana nuna malama tana karanta wa yara 'yan shekara biyar littafin da ke cewa mutum na iya ɗaukar kansa namiji ko mace saɓanin yadda aka haife shi, hankalin iyaye kan tashi tun daga Nyanya har Gwagwalada, kuma tambayar da kowa ke yi ita ce ko abin ya iso makarantar ɗansa. Ana iya samun amsar wannan tambaya ba tare da hayaniya ba, matuƙar an bi matakan da suka dace.

A fara da gano ƙasar da aka ɗauki bidiyon, domin inda wannan muhawara ta fi zafi shi ne Amurka da Ingila. A 2022 jihar Florida ta kafa dokar da ta hana koyar da batun jinsi daga ajin share fage zuwa aji uku, a ƙarƙashin gwamna Ron DeSantis. A watan Yuni na 2025 kuma Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 cikin 9, ta goyi bayan wasu iyaye Musulmi da Kirista na jihar Maryland da suka nemi a riƙa sanar da su, a kuma ba su damar janye 'ya'yansu daga aji idan za a karanta irin waɗannan littattafai. A Birmingham ta Ingila, iyaye, galibinsu Musulmi, sun yi zanga-zanga a ƙofar makarantun firamare a 2019. Masu goyon bayan darussan a can suna cewa manufarsu hana tsangwamar yaran da suka bambanta da sauran, masu adawa kuwa suna cewa yaran sun yi ƙanƙanta, kuma wannan magana hurumin gida ce. Amfanin sanin wannan shi ne kada uba ya je ya tuhumi malamar da ke Kuje da abin da aka yi a Maryland.

Yanayin Najeriya daban ne. Hukumar NERDC, wadda hedikwatarta ke Sheda a yankin Kwali, ita ke tsara manhajar makarantun firamare da sakandare. Tun 2003 akwai manhajar ilimin rayuwar iyali da cutar ƙanjamau, wadda ta sha suka daga malaman addini, kuma a watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar ta cire ilimin jima'i daga manhaja, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Ga kuma dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a 2014. Saboda haka, a ganina, wurin da ya fi cancanta a sa ido ba manhajar gwamnati ba ce, littattafan ƙarin karatu ne da ake saye a kasuwa ko ake kawowa kyauta daga waje, da kuma baƙin da ake gayyata su yi wa yara lacca.

Binciken kansa daga jakar yaro yake farawa. A buɗe littattafan kimiyya, da na zamantakewa, da na motsa jiki da kiwon lafiya, da labaran Turanci, a karanta su shafi bayan shafi, a kuma duba littafin rubutunsa, domin abin da malami ya rubuta a allo can yake ƙarewa. Idan an ga abin da bai kwanta a rai ba, a rubuta sunan littafin da kamfanin da ya buga shi da lambar shafin. A nan ne ake bukatar natsuwa sosai, saboda akwai darussan da ke ambaton al'aura amma kariya ce ga yaro: koya masa cewa babu wanda ya isa ya taɓa shi a wasu sassan jikinsa, da cewa ya gaya wa babba idan wani ya gwada, da shirya yarinya 'yar aji biyar ko shida kafin ta fara al'ada. Wanda ya haɗa waɗannan da batun sauya jinsi ya nemi a soke su baki ɗaya ya jefar da tsakin da hatsin tare, kuma masu lalata da yara ne za su ci ribar jahilcin da zai biyo baya.

Idan za a tambayi yaron, a yi shi cikin hira, kamar a ce, “Me Malama ta karanta muku yau?” Yaron da ya ga ran mahaifinsa a ɓace zai faɗi abin da yake zaton ana son ji ne.

Daga nan sai a nemi ganin malamin aji, a gaisa yadda ya kamata, a ce, “Malama, don Allah ina son ganin jadawalin darussan wannan zango, akwai wani shafi da nake neman ƙarin bayani a kansa.” Idan bayanin bai gamsar ba, a je wurin shugaban makaranta da takarda a rubuce, mai ɗauke da kwanan wata da shafin da ake magana a kai da abin da ake nema a yi, a kuma riƙe kwafinta. Taron iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, su ne wuraren da ya dace a kai maganar idan ta shafi ajin gaba ɗaya. Kada a sa hoton malami ko sunansa a Facebook kafin an saurare shi, domin a gari irin Abuja, inda Musulmi da Kirista ke zaune a aji ɗaya, zargi irin wannan na iya jefa ran mutum cikin haɗari kafin gaskiya ta fito.

Idan makaranta ta kasa warware matsalar, kowace daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Birnin Tarayya tana da ofishin ilimi da ke kula da firamarenta, sama da su kuma akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja. Ƙorafi a kan littafin da aka amince da shi a hukumance kuwa NERDC ake aika wa, tare da kwafin shafin da kuma takardun da aka riga aka rubuta wa makaranta.