Kafin ka sake ɗaure kaya: magana ga masu shigowa Maradi

Makon jiya wani yaro ɗan garinmu ya same ni a shago, wata biyu kacal da zuwansa, wai in nemo masa mai mota zuwa Agadas. Har ya tashi daga gida biyu. Na dube shi sai na ga kaina a 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta, ina nan da kayan mutane a hannuna, ba gaba ba baya.

Harshe da abinci ba za su ba ka wahala ba. Katsinawa ne suka kafa garin nan bayan jihadi, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Lissafin kuɗi dai ka koya a ranar farko: da dala ake ƙirga, dala kuwa sefa 5 ce, saboda haka in mai tebur ya ce ɗari, 500 yake nufi, jika ita ce 1,000. Takardunka su kwana a aljihunka. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS, a Janairun 2025, "ai gida ne" ba amsa ba ce a gaban jandarma a hanyar Ɗan Isa, garin da ke kusa da iyakar Najeriya.

Inda na sha wuya shi ne haya. Mun saba biyan shekara, nan kuwa wata-wata ake biya, sai abin ya yi mini daɗi har ya zame mini cuta. Gidan farko a unguwar Zariya, na miƙa wa dillali abans, wato kuɗin hayar da ake biya tun kafin a shiga, na wata uku ba takarda ba shaida, ashe mai gida na wata ɗaya ya gani. Na yi fushi na tashi. Na biyu, mu shida muke kan kwanta ɗaya, wato mitar wuta, duk ƙarshen wata rigima kan wanda ya kunna dutsen guga. Na tashi. Na uku ban ma tuna laifinsa ba, ina jin kukan jakin maƙwabci ne. Don Allah ku biya mai gida hannu da hannu, a rubuta, a sa shaidu biyu, ku je ku gai da mai unguwa ya san fuskarku. Kuma ku tambayi yadda ake raba kuɗin wuta da na famfo kafin ku shimfiɗa tabarma.

A gida na huɗu ne wani dattijo mai ɗinkin hula, da muke sahu ɗaya da asuba, ya riƙe hannuna bayan sallama. Ya ce, "Ɗana, mi kaka biɗa? Kullum idonka na tasha." Na fara lissafa masa laifin masu gidaje. Ya bar ni na gama, sannan ya karanto mini ayar Suratul Ma'arij da ke cewa an halicci mutum mai raki, da ta Suratur Ra'ad cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Na san ayoyin tun ina makarantar allo, ban taɓa zaton da ni ake ba. Bai ba ni wani dogon wuridi ba. Cewa ya yi in riƙa zama bayan asuba har rana ta fito, ba don a buɗe iyaka ba, don Wanda nake zaman dominsa.

Makonnin farko azaba ce. Bakina na tasbihi, zuciyata na canjin naira. Sai da damina ta wuce na lura na daina leƙa waya kafin in shafa addu'a. An buɗe iyakar a Disambar 2020, ban ko yi gaggawar tafiya ba.

Yaron nan dai na hana shi lambar direba. Na ce, ƙanena, ka cika wata shida a ɗaki ɗaya tukuna, in har lokacin Agadas na kiranka, ni zan biya maka kuɗin mota. Jiya da asuba na hango shi a sahu na biyu yana gyangyaɗi.