Yadda za ka tantance binciken da ya ce ya gano soyayya a ƙwaƙwalwa

Babbar dabarar kimiyya ita ce a warware abu zuwa ƙananan sassansa, a san aikin kowane sashe. Da ita aka gano yadda insulin ke daidaita sukari a jini. Tana aiki a kan soyayya ma, sai dai a nan masu ba da labari sukan wuce gona da iri.

Fara da tambayar me aka auna. Ba a taɓa ɗora soyayya a ma'auni ba, wani abu ake aunawa a madadinta. Akwai ɓeran daji a Arewacin Amurka, Microtus ochrogaster, wanda namiji da mace ke manne wa juna. Akan haɗa su kwana ɗaya, sannan a saki ɗayansu a akwati mai ɗaki uku na tsawon awa 3, abokin zamansa ɗaure a wannan ɗaki, baƙo a wancan. Sai a ƙirga mintocin da ya yi jingine da kowanne. Wannan ya auna shaƙuwa sosai, amma bege da kishi da riƙon alkawari ba su shiga lissafin ba.

Daga nan duba ko kallon sassan aka yi, ko an taɓa su. Hoton fMRI, wato na'urar da ke nuna wuraren da ke aiki a ƙwaƙwalwa, kallo ne kawai. A 2000, Andreas Bartels da Semir Zeki sun nuna wa mutum 17 hotunan masoyansu da na abokansu, suka kwatanta wuraren da suka motsa. Na'urar ba ta ganin ƙwayoyin jijiya kai tsaye. Canjin oksijin a jini take bi, wanda ke kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 4 zuwa 6. Sannan kwamfuta tana gwada dubban wurare a lokaci guda, in ba a gyara lissafin ba wasu za su haska bisa dace. Craig Bennett ya nuna haka a 2009 da ya samu "motsi" a ƙwaƙwalwar mataccen kifi. Kada kuma ka yarda a ce tunda wuri kaza ya haska, soyayya ce. Hanyar dofamin (sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da sha'awa da jin daɗi) da ke motsawa idan an ga masoyi tana motsawa don abinci da kuɗi da hodar iblis.

Taɓawa ta fi kallo ƙarfin hujja, kuma a nan dabarar ta nuna bajintarta. A 2004, ɗakin binciken Larry Young ya ƙara makarɓar sinadarin basofiresin, wato ɓangaren ƙwayar jijiya da ke karɓar saƙon wannan sinadari, a wuri guda cikin ƙwaƙwalwar mazan wani ɓera, dangin na farkon, wanda ba ya zama da mace ɗaya. Sai ga su sun fara fifita abokiyar zamansu. To amma ka tambaya: sashen ya isa ya haifar da halin, ko kuwa in babu shi halin ba zai samu ba? Tambayoyi biyu ne daban. A 2023, ƙungiyar Devanand Manoli ta cire makarɓar oksitosin, sinadarin da ake dangantawa da shaƙuwa da haihuwa da shayarwa, daga ɓerayen masu shaƙuwa ta hanyar CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin halitta na gado, duk da haka suka shaƙu, suka haihu, suka shayar. Jiki yana da hanyoyi fiye da ɗaya, kuma dabbar da aka haifa ba tare da sashe ba tana iya girma ta cike gurbinsa.

A kan mutane, nemi ko an maimaita gwajin. Wani bincike da aka yi a birnin Zurich na ƙasar Switzerland a 2005 ya ce fesa oksitosin a hanci yana ƙara yarda da mutane. Da aka sake shi a 2020 da mutane masu yawa, ba a samu wannan tasiri a kan jimillarsu ba.

Abu na ƙarshe shi ne matakin da bayanin ya tsaya. Masanin fiziks Philip Anderson ya yi nuni a 1972 cewa sanin dokokin ƙananan sassa ba ya nufin za ka iya gina babban abu daga gare su. Dofamin zai bayyana me ya sa tunanin wani ya hana ka barci. Me ya sa wannan mutumin ne ba wancan ba, sai an kawo tarbiyya da tarihin mutanen biyu. Yadda abin yake a ran mai jin sa kuwa, har yau daga bakinsa masu bincike ke samo shi, ta takardar tambayoyi, kafin su sa shi cikin na'ura. Don haka ka karanta tambayoyin da aka yi musu kafin ka kalli hoton ƙwaƙwalwar.