Darasi na 6: Ɗauke Wuta Daban, Kashe Wuta Daban

Wutar da ke shiga shago ko ma'aikata a Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne, mai layi uku kuma 400. Wayoyin kan falwaya da ke zuwa taransifoma suna ɗauke da 11,000 ko 33,000, kuma waɗannan ba sai an taɓa su ba, kusantarsu da tsani ko rodi ya isa wuta ta yi tsalle.

Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, ana auna shi da miliamfiya. Idan ta kai 10 zuwa 15, tsokar hannu takan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin wayar. Daga 50 zuwa sama bugun zuciya na iya rikicewa. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma jikin da ya jiƙe da gumi, ga ƙafa a kan danshi, bolt 230 na iya tura masa miliamfiya 200. Shi ya sa ba a raina wutar soket.

Kuskuren da muka fi jin tsoro shi ne ma'aikaci ya ce, "Ai an ɗauke wuta, bari in gyara kafin a kawo." Ba a sallama kafin a maido da wuta. Ban da haka, wani na iya tayar da janareta a bayan gini. Idan ba a haɗa shi ta akwatin sauya layi ba, wutarsa takan koma cikin wayoyin waje, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubbai, ta sami wanda ke kan falwaya. Inbata ma tana ba da wuta daga batir, farantin sola kuwa muddin akwai rana yana aiki.

Don haka kafin ka sa hannu, kashe babban makunni, ka raba layin da janareta da inbata. Sa kwaɗo a kan makunnin, makullin ya zauna a aljihunka, ka rataya takarda mai sunanka. In ku uku ne a kan aikin, kwaɗo uku. Sannan ka gwada na'urar awonka a inda ka tabbata akwai wuta, ka auna kowace waya ta wurin aikin, ka sake gwada na'urar. Wannan gwaji na ƙarshe mutane ke tsallakewa, alhali na'urar da ta lalace shiru take yi, kamar babu wuta. Kada ka dogara da ƙaramar testa mai ƙwai, haskenta ba ya ganuwa sosai a rana. Inji mai kafasito, wato abin da ke tara wuta a cikinsa, yakan riƙe wuta bayan an kashe shi, sai a jira lokacin da aka rubuta a jikinsa.

Cire zobe da agogo. Safar hannu ta roba a hura mata iska a ga ko ta huje.

Idan wuta ta kama abokin aiki, kada ka taɓa shi. Kashe makunni, in ya yi nisa ka ture shi da busasshen katako. Wayar falwaya ce ta faɗo? Ja baya aƙalla mita 10, katako ba ya kare ka daga irinta, a kira kamfanin wuta. Idan an raba abokin aikin da wutar kuma ba ya numfashi, danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso. Ko ya miƙe ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti, domin ƙunar wuta daga ciki take, zuciya kuma tana bukatar a duba ta.