Yadda Ake Koya wa Ɗan Aji Ɗaya Karatun Hausa

Malamin da aka ba aji ɗaya a makarantar firamare ya kamata ya san cewa Hausa tana cikin harsunan da rubutunsu na boko ya yi kusa da lafazinsu, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da sautin harafi, a ajiye sunansa na Turanci gefe guda. Yaron da aka koya wa "bi" a madadin sautin b, idan aka haɗa masa shi da wasalin a, sai ya ce "bi-e" maimakon "ba", kuma wannan kuskure yakan daɗe bai sake shi ba.

A fara da wasula biyar, wato a, e, i, o, u, sannan a ɗauko baƙaƙe kaɗan waɗanda suka fi yawan fitowa a magana. Ba lallai ba ne a bi jerin abacada daga farko zuwa ƙarshe. Da wasalin a da baƙaƙen k, m da n kaɗai, yaro zai iya karanta nama, kaka, mama da kama, har ma da jimla cikakkiya kamar "Kaka na nan." Ranar da yaro ya karanta jimla da kansa tun a makonnin farko, ya gane cewa zanen da ke kan allo magana ce irin wadda yake yi a gida, daga nan sauran aikin yakan zo da sauƙi.

Mataki na gaba shi ne auren baƙi da wasali, inda ake samar da gaɓoɓi irin su ba, be, bi, bo, bu. A nan ne malamai da yawa suke yaudarar kansu. Aji mai yara tamanin ko ɗari zai rera gaɓoɓin nan da murya ɗaya har a jiyo su daga bakin ƙofar makaranta, alhali rabinsu ba allon suke kallo ba, waƙar kawai suka haddace. Maganin wannan shi ne malam ya yanka kwalin sabulu ko na taliya, ya rubuta gaɓa ɗaya a kan kowane yanki, ya cakuɗa su, sannan ya kira yara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya karanta "mu" idan ta zo bayan "ki" ba bisa jeri ba, shi ne ya iya. Ko da yara goma kacal aka gwada a rana, kafin mako biyu an zagaye ajin, kuma malam ya san waɗanda zai matso da su layin gaba.

Akwai abin da ya keɓanta da yaranmu wanda bai kamata a yi watsi da shi ba. Yawancinsu sun taɓa zama a makarantar allo, sun yi babbaƙu, wasu har sun shiga farfaru, don haka sun riga sun san cewa wasali yana sauya sautin baƙi. Wannan jari ne da malam zai gina a kai. Sai dai hannunsu da idonsu sun saba da farawa daga dama, shi ya sa za ka ga yaro ya fara rubutu daga gefen dama na littafinsa, ko ya karanta "an" a inda aka rubuta "na". Ya kamata malam ya riƙa bin kalma da yatsa daga hagu zuwa dama duk lokacin da yake karantawa, kuma ya sa ɗigo a gefen hagu na shafin yaro a matsayin wurin farawa.

Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, sai a koyar da su ta hanyar kwatanta kalmomi biyu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, gada da gaɗa. Kunnen yaro Bahaushe ya riga ya bambance su, abin da ya rage shi ne idonsa ya lura da ƙugiyar. Haka kuma sh, ts, ky, gw da ƙw sauti ɗaya ne kowannensu ko da yake haruffa biyu ne, saboda haka a gabatar da su a dunƙule. Sautin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, kamar a 'ya'ya, a Nijar ƴ ake rubuta shi.

Da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, kalma kamar gari tana iya nufin wurin zama ko abin tuwo. Don haka da zarar yaro ya fara haɗa kalmomi, a daina ba shi su a ware, a sa su cikin jimla, kuma bayan ya karanta a tambaye shi abin da ya fahimta. A rufe kowane darasi da shifta ta minti biyar, kalmomi uku ko huɗu daga cikin waɗanda aka koya a ranar, malam yana zagayawa yana duba littattafan kafin a kaɗa ƙararrawa.