Yadda ake gyara jitar bas mai araha ta tsohon yayi a yanayin Sakkwato

Duk wanda ya kawo mini sabuwar jitar bas daga Legas, tambayarsa ta farko ba ta wuce wane fikof zai sa mata, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sauti ya kai amfilifaya. Kwalin bai gama hucewa daga zafin mota ba, shi har ya fara lissafin dalar da zai tura waje. Na ga haka wajen masu kaɗa bas a coci-cocin Mabera, na gani wajen ɗaliban jami'ar Danfodiyo da yaran situdiyo. A canza fikof, a canza jaki (ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jitar), a canza makunnai (abin murɗa tsirkiya a kai), kuɗin gyara ya kusa kamo kuɗin jitar, amma in ka karɓa ka danna sai ka tarar tsirkiya tana can sama kamar igiyar shanya, yatsa na ciwo, sauti a karkace. Fikof ba ya miƙe wuyan da ya lanƙwashe. Don haka zan bi aikin yadda nake yinsa a shagona, kuma fikof sai can ƙarshe.

Wace za ka saya

Waɗannan bas ɗin da ake kira na tsohon yayi kwaikwayo ne na ƙirar Leo Fender, Ba'amurken da ya kafa kamfanin jita na Fender. A 1951 ya fito da Precision, a 1957 aka sake mata fasali aka raba fikof ɗinta gida biyu, a 1960 kuma Jazz ta fito da fikof biyu da siririn wuya. Na asalin waɗannan shekaru ba kuɗinmu ba ne. Abin da ke zuwa hannunmu shi ne irin su Squier, sunan da Fender ke sayar da masu araha da shi tun 1982, musamman jerin Classic Vibe da aka fara a 2008, sai Harley Benton na kamfanin Thomann da ke Jamus, sai gwanjon da ake tsinta a kasuwar Alaba.

In ni ka tambaya, a garin nan Precision za ka saya. Fikof ɗinta mai gida biyu an naɗe shi ta yadda ɓari ɗaya ke kashe ƙugin ɗayan, wannan ƙugin da wuta da janareta ke cusawa cikin amfilifaya. Jazz ba ta yin shiru sai ka buɗe fikof biyun daidai wa daida. Da ka rage ɗaya, ƙugi ya dawo. Mai ƙananan yatsu yana da uzuri, domin wuyan Jazz a sama faɗinsa milimita 38 ne, ya fi daɗin riƙo. Irin mai siffar goge ta Höfner kuwa, mai gajeriyar tsirkiya ta inci 30 maimakon 34, tana da daɗin sauti, amma cikinta rami ne, katakon siriri, ban yarda in ba wa wanda zai riƙa goya ta a kabu-kabu shawarar saye ba.

Ko sabuwa ko gwanjo, kada ka biya sai an sa alanki an nuna maka cewa sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake miƙe shi da ita, tana juyawa. In wani ne zai saya maka, ya ɗauko bidiyon hakan ya turo.

Bar ta ta sha iskar gari

Jitar da ta kwana watanni a laimar Legas, in ta sauka Sakkwato cikin hunturu, katakonta zai tsotse. Ka bar ta cikin jakarta sati biyu, a ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa, kafin ka taɓa ko da noti ɗaya. Abin da ka auna a ranar farko ba shi za ka tarar a rana ta goma ba.

Tsakanin Nuwamba da Fabrairu za ka ji bakin firet, wato ƙarafan da aka jera a wuya, suna kartar hannu. Katako ne ya tsuke, ƙarfe kuwa bai tsuke ba. Manna salatif na takarda a kan katakon, ka ɗauki ƙaramin magagari mai laushi ka bi gefen wuyan a tsaye, a hankali, har kaifin ya kwanta, sannan ka goge da samfefa mafi laushi. A tsakiyar hunturu ake wannan aikin, lokacin da suka fi fitowa, in an yi sau ɗaya da wuya a sake. Fuskar wuya in baƙin katako ce marar fenti, ɗigo kaɗan na farafin ɗin ruwa da ake samu a kemis ya isa, sau ɗaya ko biyu a shekara, a shafa a goge. Man gyaɗa da man shanu kada su kusance ta, suna tsami su kama ƙura. In farin katako ne mai ƙyalli, tsumma kawai yake so. Ni nakan huda akwatin sabulu, in sa soso mai ɗan danshi a ciki, in ajiye cikin jakar. Kuma kada a bar bas a but ɗin mota a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40.

Tsirkiya kafin komai

Zaɓi tsirkiyar da za ka zauna da ita tun yanzu, domin duk awon da zai biyo baya a kanta ya dogara. Sautin da mutane ke nema in sun ce "na da" rabinsa a tsirkiya yake. James Jamerson, shahararren mai kaɗa bas na kamfanin waƙa na Motown a Amurka, Precision ya riƙa kaɗawa, da tsirkiya mai santsi ta La Bella da soso a gindin jaki. Mai santsin tana da tsada, amma tana shekaru a jiki, kuma ƙura da gumi ba sa samun ramin maƙalewa kamar a mai kaushi. A nan wannan kaɗai ya isa dalili. Sai dai ka tsaya a matsakaiciya, 45 zuwa 105 ko ƙasa da haka, wato lambar kaurin siririya zuwa ta mai kauri. Masu kauri irin 52 zuwa 110 suna jan wuya da ƙarfin da ba kowace bas mai araha ke ɗauka ba.

Sandar cikin wuya

A nan ake ɓarna, kuma a nan na yi tawa. Shekarun baya na sa wa wata bas tawa tsirkiya mai kauri, wuya ya lanƙwasa gaba, na ɗauko alankin da ke kusa na zura. Ya shiga, amma yana ɗan rawa. Na ce ai ya kama. Na murɗa, na ji tauri, na ƙara ƙarfi, sai na ji ya sulluɓe. Alankin na awon inci ne, notin kuwa na milimita, kusurwoyin ramin duk sun cinye. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da nake zama wurinsa, ya haska tocila ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ƙanena, wanga noti ya mutu. Mi kas sa mai?" Wata biyar na yi ina kaɗa ta da tsirkiya a sama, har sai da aka samo mini wani wuya na gwanjo. Har yau in na tuna abin yana mini ciwo, domin wuyan farko ya fi daɗin hannu.

Saboda haka ka fara da alanki. Bas ɗin da ake ƙerawa a Indunusiya da Sin galibi na milimita suke ci, na Amurka na inci. Gwada har ka sami wanda ya shige ya zauna daram, ba rawa ko kaɗan, kuma ka tura shi har ƙarshen ramin. In ramin ya cika da ƙura, share shi da tsinke tukuna, domin ƙurar kan hana alanki kaiwa ƙasa, sai ya kama baki kawai ya cinye shi.

Yanzu awo. Ɗaure tsirkiyoyi su kai muryarsu daidai, ka riƙe jitar yadda kake kaɗa ta, ba a kwance kan tebur ba. Danne tsirkiyar E mai kauri a firet na farko da kafo, wato maƙalin da ke matse tsirkiya a wuya, ko wani ya danne maka, kai kuma ka danne ta a firet na ƙarshe. Tsirkiyar ta zama ma'auni miƙaƙƙe ke nan. Duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Abin da ake so kamar milimita 0.3 ne, kaurin katin adireshi na takarda. In katin ATM ya shige, wanda kaurinsa ya kai 0.76, lanƙwasar ta yi yawa. In tsirkiyar ta kwanta kan firet ɗin ba tazara, wuyan ya miƙe fiye da kima ko ya koma baya.

In ta yi yawa, za ka ɗaure, wato ka murɗa dama kana fuskantar notin. In babu tazara, ka sassauta zuwa hagu. Amma ko ɗaurewa za ka yi, fara da sassautawa kaɗan don ka ji ko notin na motsi. Sassauta tsirkiyoyin ma, kada ka sa sandar ta yi kokawa da su. Rubu'in zagaye kawai, ka mayar da tsirkiya muryarta, ka ajiye jitar har gobe. Katako ba ya amsawa nan take, wanda ya ƙara murɗi uku a zama ɗaya zai wayi gari wuya ya wuce inda ake so. In ka ji tauri irin na abin da ya kai maƙura, ko ka ji ƙara, cire hannunka. Wasu ƙirar tsohon yayi notinsu a gindin wuya yake, sai an kwance sukurori huɗu na baya an ɗaga wuyan kafin a kai gare shi. Aikin na da gajiya, amma kada ka yi ƙoƙarin zura sukundireba a karkace, fenti da murfin gaba za ka ɓata.

Wannan awo ba na sau ɗaya ba ne a garinmu. Ni ina yi in hunturu ya kama, ina sakewa in damina ta zauna a Yuli.

Tsayin tsirkiya da daidaiton murya

Wuya ya zauna, sai jaki. A firet na 17, ba tare da ka danne komai ba, tazarar E ta zama kamar milimita 2.4, ta G, siririyar, kamar 2. Mai dukan tsirkiya da ƙarfi ya ɗan ƙara. Daga nan ka buɗe manhajar daidaita murya a waya: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. In ta 12 ta haura, ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. In ta gaza, matso da shi gaba. Mazaunin sama na roba, wanda tsirkiya ke bi kafin makunnai, in firet na farko yana da wuyar dannawa ramukansa ne ba su yi zurfi ba. Wannan kam kai wa wanda ya saba, in ka zarce sai sabo.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, domin jitar ta riga ta zama wata daban a hannu.

Ƙugi da ƙura

Soket ɗin gidaje da wuraren taro da yawa ba su da wayar ƙasa, ga janareta, ga fitilu masu araha. Haɗa bas da amfilifaya ka saurara. In ƙugin yana raguwa da ka taɓa tsirkiya, wayar da ke ƙarƙashin jaki tana aiki, rufin ciki ne ya rage. In bai ragu ba sai ka taɓa ƙarfen soket ɗin jitar, wayar jakin ce ta rabu, kwance jakin ka mayar da ita ta taɓa ƙarfe sosai. Rufin kuwa da salatif na tagulla ake yi: a shimfiɗe ramukan ciki da bayan murfin gaba, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa, a haɗa da wayar ƙasa ta bayan bolum, a gwada da mita. Takardar alminiyon ta kicin da gam tana yi in kuɗi sun gaza, sai dai dalma ba ta kama ta, dole ka danne wayar da sukuru.

In kana jin wuta na tsikarinka idan ka taɓa tsirkiya da makirfo tare, ajiye jitar. Matsalar a amfilifaya take ko a wayarin wurin, mai aikin wuta za a kira, kuma kada wanda ya karya ƙafa ta uku ta fulogi.

Bolum mai ƙarar yashi ƙura ce, feshin wanke kayan lantarki yakan isa, ba man inji ba. In za a canza, bolum mai lamba 250k ake sawa, da kafasita mai lamba 0.047µF. Na kamfanin CTS wuyansu ya fi kauri, kusan milimita 9.5, ramin masu araha galibi 8 ne, sai an faɗaɗa, kuma tsofaffin murafun ba lallai su hau ba. Abin da na fi ganin ya cancanci kuɗi shi ne soket na Switchcraft, domin na kamfani shi ke fara sakin waya a tsakiyar kiɗa. Liƙin dalma in ba ka iya ba, masu gyaran rediyo da talabijin sun fi masu gyaran waya dacewa, ƙarfensu yana kai zafin da bayan bolum ke buƙata. Ɗauki hoton wayoyin kafin a cire ko ɗaya.

Sauran

Fikof: danne firet na ƙarshe, ka sa tazararsa da E ta zama kamar milimita 3, da G kamar 2.4. Sosonsa na ƙasa yakan mutu da zafi, sa sabo. Yanko wani soson mai faɗin yatsa biyu ka cusa ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki, ka ji yadda sautin ke gajarta ya yi nauyi. Kaɗa ta haka wata uku. In har lokacin kunnenka na neman wani abu, to sayi fikof, amma na Classic Vibe mai maganaɗisun alniko ni ban taɓa ganin dalilin cire shi ba. Jaki mai nauyi da ake tallatawa ba ya cikin tsarin tsohon yayi, bar na kamfani. Makunnai sai in suna sulluɓewa. Murfin gaba in za ka yi oda, auna ramukan sukurorinsa da naka, ba kullum na Fender ke hawa Squier ba. Duk abin da ka cire, zuba shi a leda ka rubuta sunan jitar a jiki, domin ranar sayarwa mai saye zai tambayi kayanta na asali.