Kurakuran masu haɗa filta da firintar da ke nesa

Kusan kowane mako sai wani ya zo mini da kuka ɗaya: ya rubuta filta, wato ƙaramar manhajar da ke juya fayil zuwa yaren da firinta ke ji, ya sa ta a /etc/printcap, fayil ɗin da ake tsara firintoci a ciki, amma firintar da ke can wani ofis tana ta amayar da shirme. Na gaji da maimaita amsar, shi ya sa na rubuta ta.

Babban kuskuren shi ne haɗa if= (inda ake sa filta) da rm= (sunan na'urar da ke nesa) a layin jira ɗaya, sannan mutum ya naɗe hannu. Tsohon lpd, manhajar da ke kula da layin bugawa a tsarin Unix na BSD, da zarar ya ga rm=, tura fayil yake yi yadda ya same shi ta tashar 515, ko kallon filtarka ba ya yi. Wannan ya taɓa cin mini rim guda na takarda. Na tura rahoto a yaren bugawa na PostScript zuwa firintar da yaren PCL kaɗai take ji, na tafi sallar azahar. Kafin in dawo, sakatariya na tsaye da tulin takardu, shafin farko ya fara da %! sauran kuwa umarni ne zalla da lambobi, takarda 500 sun salwanta a ranar da ake jiran rahoton. Har yau abin yana ci mini rai.

Tun daga nan layi biyu nake yi. Na farko yana da lp=/dev/null da if=, filtarsa ta juya fayil daga PostScript zuwa PCL da manhajar Ghostscript (gs), -sDEVICE=ljet4, ta miƙa wa lpr -P na layi na biyu. Na biyun rm= da rp= (sunan layin jira a can nesa) kawai gare shi. Wasu sun fi son manhajojin bugawa irin LPRng ko CUPS su ɗauke musu wannan wahalar, ni dai na fi yarda da abin da idona ke gani. Amma don Allah ka duba sunan da ka sa bayan -P. In ka maido aikin layin farko, zai yi ta zagaye har faifai ya cika.

Kuskure na biyu, lambar da filta ke fita da ita. Haba jama'a, wa ya ce ku riƙa jefa exit 1 a duk inda abu ya lalace? A wurin lpd, 0 na nufin an gama, 1 a sake gwadawa, 2 a jefar da aikin. Fayil ɗin da ya lalace ba zai gyaru da maimaici ba, layin ne zai toshe, mutane na jira. Ka ba shi 2, ka tura ƙorafin zuwa stderr, mafitar saƙonnin kuskure, ka sa lf= don ka samu wurin karanta shi.

Sauran ƙanana ne. Ka manta -q, gaisuwar Ghostscript ta shiga cikin aikin. Rubutu na saukowa kamar matakala, firintar na son CR (komawa farkon layi) tare da LF (sauka sabon layi). Babban fayil na yankewa, sa mx#0. Wani ɓangaren shafi na ɓacewa, sa -sPAPERSIZE=a4, takardar Amurka ba tamu ba ce. Kuma ka rubuta cikakkiyar hanyar gs a cikin filtar, domin lpd ba ya amfani da PATH ɗinka, wato jerin wuraren da ake neman manhaja.